Ciyawa Ba Ta Jiran Jakada

Kafin a kafa mana allo, ba mu san mu ƙungiya ba ne. Abin da muka sani shi ne akwai durumi a bakin hanyar da ta fita daga Toranke, akwai bencin mai shayi a ƙarƙashinsa, akwai kuma rediyo. In an sauko daga sallar la'asar sai mu hallara, mu saurari labarun duniya, mu gyara wa shugabannin ƙasashe kurakuransu, sannan kowa ya koma gida ya tarar da nasa suna jiransa.

Ni tsohon malamin makaranta ne. Na ci alli a Gaya, na ci a Kademi, na ƙarasa a Ajingi, har gwamnati ta ga na ƙoshi ta sallame ni. Tarihi na fi koyarwa, darasin da yara ke ƙi saboda duk mutanen cikinsa sun mutu. Da na dawo gida sai majalisar durumi ta zama ajina na ƙarshe, da bambancin cewa a nan ba mai ɗaga hannu kafin ya yi magana.

Rediyon na wani abokina ne, Bafulatani, wanda kakansa ya jingine sandar kiwo ya ɗauki fartanya. Ni kuwa kakata ta wajen uwa Babarbariya ce, kuma wannan ɗigon jinin ya ishe shi hujja. Tun muna samari bai taɓa kirana da sunana ba, sai "Babarbare", ni ma ban taɓa tauye masa matsayinsa na bawana ba. Shi ke riƙe da akalar rediyo, kuma yana da doka guda: ba a yarda da labari daga bakin tasha ɗaya. In wannan ta ce an yi sulhu, sai ya murɗa mu ji ko waccan ta san da zancen. Yakan ce ko a gaban alƙali shaida ɗaya ba ya kashe magana.

Majalisar tana da wata doka da ta girmi rediyon. Duk wanda ciwo ya kwantar da damina, ba a barin gonarsa, gayya ake yi masa. Feshi ya kusa kashe gayya a ƙasarmu, yanzu mutum ɗaya da jarka a baya yana gama aikin da a da ake tara unguwa a kansa, amma mu ba mu sake ta ba. Yadda ake yi kuwa sananne ne. A raba goro gida-gida, wanda ya miƙa hannu ya karɓa ya ɗauki alkawari. Ranar kuma ba mutum ke sa ta ba. Sai an yi ruwa ƙasa ta yi laushi, rana ta biyo baya, yadda ciyawar da aka tuge za ta mutu a kwance. In ka kuskure wannan tsakanin, dashe kawai ka yi wa ciyawa.

Baƙin sun shigo mana ta hannun ɗalibina. Ɗan Kademi ne, na koyar da shi tun yana goge hanci da hannun riga, kuma mai kai ne ƙwarai. Wata ƙasa mai nisa ta ɗauki nauyin karatunsa, ya tafi ya daɗe, ya dawo da digirin dakta da wani ɗan tari na ladabi da yake yi kafin ya fara magana. Ba zan kira sunan ƙasar ba. Ba tsoro ba ne. Gudun kada takwarorinta su ga an yi musu wariya ne, alhali duk kanwar ja ce.

Ita wannan ƙasa mai nisa tana da sashen Hausa a gidan rediyonta, muna ma jin sa a cikin zagayenmu. Tana da cibiyar al'adu a Kano, inda ake koyar da harshenta kyauta, ana nuna finafinai. Tana da ƙungiyar waɗanda suka yi karatu a can, ɗalibina ne sakatarenta. Akwai kuma ƙungiyar 'yan ƙasar mazauna Kano, 'yan kasuwa da injiniyoyi, su ke ɗaukar hidima in an tashi taro. Kowace da hatiminta, kowace tana rantsuwa ita mai zaman kanta ce. Ni dai na taɓa shuka kabewa. Yaɗo ya haura katanga, 'ya'ya su faɗa gidan maƙwabci, amma in ka bi igiyar da hannu, rami ɗaya za ta kai ka.

Ranar da ya fara zuwa, ya tsuguna har ƙasa ya gaishe ni, wandonsa mai guga yana sharar gindin durumi.

"Malam, a can sun san da ku," in ji shi. "Ana jin gaishe-gaishenku a shirin masu sauraro. So ake a mayar da majalisar nan reshen ƙungiyar zumunci."

"Ɗan nan, zumuncin da wa?" in ji Bafulatani. "Mu fa ko junanmu da ƙyar muke jurewa."

Aka yi dariya, amma aka karɓa. Gaskiya kuma a faɗe ta, ba hannu rabbana suka zo ba. Sun kawo sabon rediyo mai cin hasken rana, da riguna da huluna masu tutoci biyu rungume da juna, da allon da aka rubuta sunanmu a ƙarƙashin nasu. Sun kawo likitocin ido Gaya, aka cire wa yayata yanar da ta rufe mata gani, ta dawo gida tana shaida wa jikokinta cewa ashe duk sun fi yadda take zato muni. Wannan alheri ne, kuma har gobe da sunansa nake kiransa. Ni aka naɗa ciyaman, saboda ina iya karanta jawabi ba tare da na bi layi da yatsa ba.

Jawabin ma a rubuce yake zuwa. Sau ɗaya an kai mu cibiyar Kano, aka ba mu shinkafa da wani shayi marar sukari, aka miƙo mini abin da zan karanta a madadin mutanen Toranke. A tsakiyarsa na tarar ashe mutanen Toranke suna goyon bayan ƙasar a kan wata rigimar iyaka da take yi da maƙwabciyarta. Na san mutanen Toranke. Rigimar iyakar da suka sani ita ce wadda ake yi a kan gamba tsakanin gona da gona. Da na iso wurin sai na aro tarin ɗalibina, na tsallaka sakin layi na gaba. Aka tafa mini. Da aka watsa taron a rediyo, mai gabatarwa ya faɗi abin da na tsallake da bakinsa, ya ce ra'ayin dattawan yankin ke nan.

Sauran canjin a hankali ya zo. Ba wanda ya ce mana kada mu murɗa akala. Amma sabon rediyo a kan tasharsu ya zo, kuma mutum yana jin nauyin ya zauna ƙarƙashin allon mutane, hularsu a kansa, ya tafi neman abokan gabarsu a cikin rediyonsu. Tsohon rediyon Bafulatani ya koma gida. Muka wayi gari mun san sunayen kogunan ƙasar da bukukuwanta, kuma duk faɗan da ta shiga a duniya sai mu ji ita aka tsokana. Na sha koya wa yara cewa baƙon da ya ci ƙasar nan bai fara da igwa ba, da ciniki da gaisuwa ya fara. Ban ce waɗannan su ne waɗancan ba. Na dai ce shafin farko ya yi mini kama da wanda na taɓa karantawa.

A daminar da nake ba da labari, Bafulatani ya yi shuka da ruwan farko a gonarsa ta hanyar Gafasa. Gero ya fito kamar an ja masa zare. Sai ya faɗo daga babur a dawowa daga kasuwa, ƙafa ta karye, mai ɗori ya ɗaure ya ce kada ta taɓa ƙasa. 'Ya'yansa maza suna kudu wajen neman abinci, matan suna gidajen aurensu. Gonar nan ita ce tuwon gidansa na shekara, ba shi da wata. Feshi kuma ba ya yiwuwa a kan shukar da ta fito, don maganin da zai kashe ciyawa ba ya tambayar gero sunansa.

Aka tsayar da magana a majalisa: ruwa na gaba in ya sauka, gayya. Akwai wani Alhaji mai shago a cikinmu, wanda ɗansa ke koyon harshen mutanen a cibiyar Kano yana sa ran tafiya. Daga bakinsa ɗalibina ya ji zancen, kuma ba a jima ba wayata ta yi ƙara.

"Malam, ashe har yanzu kuna gayya? Da ganga da komai?"

"Da ganga da komai, in mai gangar bai riga mu gidan gaskiya ba kafin ranar."

"Wannan ai abin nuna wa duniya ne. Na yi magana da cibiya. Babban jami'in al'adu da kansa zai zo, da 'yan talabijin ɗinsu. Za a nuna shi a matsayin aikin reshe. Don Allah a dakata zuwa Asabar."

Babban jami'in nan ba jakada ba ne, amma a Toranke duk wanda ya fito daga ofishin jakadanci jakada ne, kuma haka muka kira shi. Na yarda da Asabar. Baƙo yana da haƙƙin a jira shi sau ɗaya, ko a gidan biki.

Ruwa ya sauka, rana ta biyo baya, ƙasa ta yi daidai yadda ake so, muka zauna muna kallonta. Asabar ta zo, jakada bai zo ba, wai bikin ƙasarsu ya matso, yana Abuja. Aka sa wata Asabar. Ita ma ta wuce, don masu kyamara sun tafi ɗaukar taro a wata jiha. Aka sake sa wata, sai kuma aka ce sababbin riguna ba su fito daga wajen mai bugawa ba, tsofaffin kuwa sun koɗe, ba za su yi kyau a hoto ba.

Na hau keke na je gonar. Harƙiya da gude-gude sun yi shimfiɗa, sun kai wa geron wuya. Ganyen da ya kamata ya yi duhu ya koma ruwan ɗorawa, siriri kamar tsinken tsintsiya. Sai ka durƙusa ka buɗa da hannu kafin ka gane inda layin shuka yake. Gonakin maƙwabta duk a share tas, ita kaɗai ta zauna a tsakiya kamar kan da wanzami ya tsallake.

Daga can na wuce gidan Bafulatani. Yana kwance a zaure, ƙafa a ɗaure cikin karare, tsohon rediyonsa a kan ciki.

"Babarbare, daga ina da ciyawa a ƙafar wando?"

"Daga gonar wani malalacin bawa."

"Yaya ka baro ta?"

"Tana gaishe ka."

"Na ji an ce za ta fito a talabijin." Ya gyara kwanciya, ya cije leɓe har zafin ya wuce. "Da shanun kakana suna nan da na gode muku. An ce kiwo ya yi kyau."

Bai ce a taimake shi ba. Bafulatani ya gwammace ƙishirwa ta kashe shi a bakin rijiyarka da ya roƙe ka guga. Amma da aka kawo mini ruwa, na ji muryar matarsa daga bayan ƙofa tana tambaya ko Malam ya san rumbu ya kusa ƙasa. Ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara wa rediyo murya.

Da la'asar na kai maganar majalisa. Na ce hadari yana haɗuwa, in ya zuba, gayya za a yi, da jakada ko babu jakada.

"Malam, a yi haƙuri mana," in ji Alhaji mai shago. "Mutanen nan sun yi mana rana. Ga maganar rijiyar burtsatse ana yi. Saboda 'yan kwanaki za ka watsa musu ƙasa a ido?"

"Alhaji, ka je gonar?"

"Ban je ba, amma ai gona gona ce."

"To je ka ba harƙiya haƙuri. In ta yarda, ni ma na yarda."

"Ko geron ya lalace, ai sai su ba shi buhuna. Mene ne buhun gero a wajensu?"

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Mutumin da bai taɓa cin hatsin da ba hannunsa ya noma ba, a mayar da shi mai karɓar buhu yana murmushi a hoto, saboda an tsayar da mu daga taimakon da za mu yi masa a kan lokaci. Na miƙe tsaye, abin da ba a yi a majalisa sai za a tafi.

"Gayyar nan kakanninmu sun yi ta ba su san akwai wata ƙasa mai wannan suna ba," na ce. "Ba a cikin kwalin rediyo ta zo ba. Abin da suka ba mu, mun gode. Abin da muka gada kuwa, ba za mu koma karɓarsa aro daga hannunsu ba, har ana sa mana ranar da za mu taɓa shi."

Mai shayi, wanda bai cika sa baki ba, ya ce, "Malam, a rage jawabi, a sayo goro."

Na kira ɗalibina da kaina, don kada ya ji a bakin wani.

"Malam, don girman Allah," in ji shi. "Na riga na faɗa musu an shirya komai. In aka yi babu su, cewa za a yi ban iya riƙe mutanena ba."

"Mutanenka?"

Ya yi ɗan tarin nan nasa. "Ba haka nake nufi ba, Malam."

"Na san abin da kake nufi, ni na koya maka haɗa jimla. Ɗana, ga abin da zan iya yi maka. Akwai fartanyar da ba mai riƙe ta a gidana. Ka zo. In kyamara ta biyo ka, ba mai korar ta."

Na ji tausayinsa, domin shi ma akwai mai murɗa tasa akalar. Amma tausayi ba ya tuge ciyawa.

Ruwa ya zuba. Da safe na zuba goro a cikin hular zumunci, wadda na gano zurfinta ya yi daidai da aikin, na bi gida-gida. Mutane suka karɓa, wasu da sauri, wasu bayan sun leƙa hanya. Alhaji ya cusa hannuwansa cikin babbar riga ya ce haƙorinsa ke ciwo. Na yi masa addu'ar samun sauƙi, na tuna masa cewa goron gayya ba dole a tauna ba, karɓa ake yi. Ya ce ciwon ya gangaro har hannu.

Washegari tun da sanyin safiya aka jeru a bakin gona, tsofaffi da 'ya'yansu da jikokin da suka tasa, kowa ya kama kunyarsa. Mai gangar noma daga Gafasa muka ɗauko shi, tsoho ne da ya rage shi kaɗai a yankin. Yana kaɗawa yana kiran kowa da sunan kakansa, in ya ga mai ja da baya ya tuna masa cewa kakan nasa ma a baya yake ƙarewa. Ni ma na kama kunya guda don kada a ce ciyaman jawabi kaɗai ya iya, amma kafin in kai tsakiya bayana ya tuna mini zamanin da aka haife ni. Rigunan zumuncin da suka koɗe sun yi rana. Suna shan gumi sosai, na yaba wa masaƙarsu.

An ɗauko Bafulatani a amalanken shanu aka ajiye shi a inuwar ɗorawa, daga nan yake mulki.

"Ku dubar mini Babarbaren can, gero yake sarewa yana barin ciyawa. A karɓe fartanyar a ba shi alli."

Da rana ta take, sai ga leburorin Alhaji sun shigo da fartanyoyinsu. Ba su ce shi ya aiko su ba, mu ma ba mu tambaya ba. Mata suka kawo fura da tuwo. Kafin la'asar gona ta fito fes, ciyawa tana kwance tana yaushi, geron yana tsaye a fili kamar majinyacin da aka fito da shi shan iska. Ɗalibina bai zo ba.

Bayan 'yan kwanaki, gero ya fara miƙewa, launi yana dawowa, sai ga jerin motoci. Ni ba a sanar da ni ba, Alhaji aka sanar. Labari ya riske ni na hau keke. Na tarar da su a bakin gonar: jakada, masu kyamara, wasu daga ƙungiyar 'yan ƙasar da ke Kano, kwalayen riguna, da fartanyoyi sababbi fil, da takardar kanti manne a ƙota. Ana ta raba wa samari riguna. An kuma kawo Bafulatani a amalanke don a ɗauke shi yana godiya.

Ɗalibina ya taro ni tun ban sauka ba.

"Malam, ba wani abu za a yi ba. Shiga kawai za a yi, a ɗan yi kamar ana noma."

"A cikin gonar da aka nome?"

"Kamar ne kawai, Malam."

"Ka gaya wa fartanyar haka?"

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san gonar da aka nome ba a komawa cikinta da ƙarfe sai lokacin maimai, wato noma na biyu. Shi ma ya sani, a gona aka yaye shi. Geron da ya sha wuya yana sabon kama ƙasa, saiwarsa a sama-sama take. Taron mutane da takalma da fartanyoyi masu kaifi, kowa yana kallon kyamara maimakon ƙafarsa, abin da ciyawa ta rage su za su ƙarasa. Na gitta kekena a kan 'yar hanyar shiga, na tsaya kusa da shi.

Jakada ya matso. Mutum ne mai fara'a, kuma Hausarsa ta ba ni mamaki. Ya tambaye ni gajiya, da iyali, da ruwa, bai tsallake ko ɗaya ba. An koya masa da kyau, kuma na san ba don ya yi cinikin tumatir aka koya masa ba.

"Malam ciyaman, mun makara, ka gafarce mu. Yaushe ne noma na biyun? Sai mu dawo."

"Ranka ya daɗe, sai a tambayi sama. Mu ma ita ke sanar da mu, kuma ba ta ba da dogon wa'adi."

Ya yi dariya ta gaskiya. Sannan ya rage murya. "Mutanen ƙasata suna so su ga inda alherinsu yake zuwa. Wannan laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Yayata tana gida, idanunta garau, albarkacin likitocinku. A juyo da kyamara can, ni da ita mu yi ta godiya har batir ya ƙare. Wannan naku ne. Amma noman nan ba alherinku ba ne, ranka ya daɗe. Abin da ya iso gonar nan daga wajenku jinkiri ne. In ana so a ɗauka, ga shi can a kusurwar gabas, inda geron bai tashi ba."

Alhaji ya ce, "Malam, baƙi ne fa." Na ce na sani, shi ya sa nake magana a hankali.

Jakada mutum ne mai wayo, ya san gona tana da mai ita. Ya juya wajen amalanke. "Baba, kai me ka ce?"

Bafulatani ya daɗe yana duban sabuwar rigar da aka ɗora masa a cinya. Ya ninke ta da kyau, ya miƙa wa na kusa da shi.

"Yallaɓai, Babarbaren nan bawana ne, kuma tun da na mallake shi bai taɓa faɗin gaskiya ba. Yau dai ya yi kuskure ya faɗa. Ku zo gida a dama muku fura. Gona kam barci take yi."

Ba su tsaya shan furar ba. Jakada ya ba kowa hannu, har ni. Motoci suka juya, ɗalibina bai waiwaye ni ba.

Daga baya muka ji Kademi suka nufa, inda danginsa ke da wata saura, gonar da aka bari ta huta ba a shuka komai a cikinta ba. A can aka yi tasu gayyar. Da bidiyon ya fito, a waya muka kalle shi ƙarƙashin durumi, kawuna a haɗe. Ga samari cikin sababbin riguna suna sarar tafasa da rai-ɗore da iyakar ƙarfinsu, ga jakada a tsakiya ya riƙe fartanya kamar mai jiran a zo a karɓa, ga murya mai daɗi tana bayanin yadda zumuncin ƙasashen biyu ya ta da tsohuwar al'adar da ta mutu. Daga farkon hoton har ƙarshensa babu tsiron shuka ko ɗaya. Mai shayi ya nemi a maimaita, wai yana so ya ga abin da za su girbe.

Mun yi dariya, amma ban ruɗi kaina ba. A can inda aka yi bidiyon dominsu ba mai bambance tafasa da gero, kuma na tabbata ya yi aikin da aka aike shi. An ce ma ɗalibina ya sami ƙarin girma.

Ba a daɗe ba aka sake fasalin reshe. Aka gode mini bisa hidima, irin godiyar da ake yi wa mutum an riga an miƙo masa takalmansa. Alhaji ya zama ciyaman, allo ya koma gaban shagonsa, sabon rediyo ya bi allo, rabin majalisa ta bi rediyo. Ban ga laifinsu ba, can akwai rumfa da kujerun roba. An haƙa rijiyar ma, kusa da shagon, kuma ina shan ruwanta ba na ƙwarewa.

Mu da muka rage muka koma wa tsohon rediyo, wanda sai an mare shi a gefe yake magana. Da ƙafar mai shi ta warke, ya dawo da ɗingishinsa da dokarsa. Tashar mutanen tana cikin zagaye har yau. Muna jin ta in layinta ya zo, sannan a murɗa a ji abin da maƙiyanta suka ce, sannan mu yanke wa dukkansu hukunci.

Da kaka geron bai cika rumbu ba. Kusurwar gabas ba ta ba da komai ba sai kara, kuma ba shekarar da gonar ba ta fi haka ba. Amma abin da aka ɗaure, da ɗan cikon da 'ya'yansa suka aiko daga kudu, ya kai gidan wata damina ba a miƙa hannu ga buhun kowa ba. Da Sallah ɗalibina ya zo gaisuwa, ya tsuguna yadda ya saba, ba mu ta da zancen ba. Sai da zai tafi ya tambaya, yana kallon ƙasa, ko geron Baba ya yi. Na ce ya je ya tambayi mai shi, hanyar ba ta canja ba. Ban sani ba ko ya je.

Ranar da aka gama kai amfanin gona gida kuwa, sallama na ji a ƙofa. Na fito na tarar da Bafulatani dogare da sanda, jaki a bayansa ɗauke da dami guda.

"Babarbare, ga ladanka. Daga kunyar da ka noma na zaɓo maka, shi ya sa kawunan suka fi ƙanana."

"Bawa ba ya biyan ubangidansa lada. Gaisuwa ka kawo, na kuma karɓa."

Aka sussuke kaɗan, aka daka, aka dama mana fura da nonon da matarsa ta haɗo shi da shi. Muka zauna a zaure da ƙwaryar a tsakaninmu, ni ina kushe nonon, shi yana kushe damun, har ludayi ya fara kartar ƙasa.